Yadda Ake Tantance Haƙƙin Mallakar Littafi Kafin a Saka Shi a Ɗakin Karatun Makafi na Intanet

Duk ɗakin karatu na intanet da ƴan sa kai suka kafa domin makafi da masu raunin gani, a nan Damagaram ko a wani gari, yana buƙatar mutum ɗaya aƙalla wanda aikinsa shi ne ya tare kowane littafi tun daga bakin ƙofa, ya bincika mai shi, kafin a fara karanta shi a murya, ko a mayar da shi rubutun makafi, ko a zuba shi a kwamfuta ko waya yadda manhajar NVDA ko TalkBack za ta iya karanta wa mai sauraro. Ƙarancin littattafan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana cewa abin da yake isa hannun makafi bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ake bugawa ba, kuma wanda ya taɓa neman littafin Hausa a cikin wannan ɗan kaso ya san yadda lamarin ya fi muni a wajenmu. Wannan ƙarancin ne yake sa ɗan sa kai ya yi garaje, ya ɗauki hoton shafuka ya turo, yana ganin cewa tunda don Allah ake yi, kuma ba a karɓar ko dala, ba wanda zai ce uffan. Kyakkyawar niyya ba ta zama izini, kuma ƙorafin marubuci guda yana iya jawo a rufe aikin da mutane da yawa suka ɓata dare da rana a kansa.

Littafi yana shiga ɗakin karatu ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku ne kawai: ko wa'adin haƙƙinsa ya ƙare ya zama mallakar kowa, ko mai haƙƙin ya ba da izini, ko kuma doka ta yi wa makafi sassauci na musamman wanda ɗakin karatun ya cika sharuɗɗansa. Mai tantancewa zai gano wace hanya ce ta dace da littafin da ke gabansa, ya rubuta hujjarsa, sannan ya bayyana wa za a iya bai wa fayil ɗin, domin hanyar da littafi ya shigo ita ce take yanke wannan hukunci. Littafin da bai sami hanya ba sai ya jira, ko da kuwa ɗalibi yana matse da shi.

Abin farko shi ne a tambayi wanda ya kawo littafin inda ya samo shi. Idan saye ya yi a kantin littattafai ko a kasuwar Dole, ko kyauta aka ba shi, ko aro ya yi daga ɗakin karatu, to asalinsa halal ne. Idan kuwa fayil ne da ya yi ta yawo a waya daga wannan zaure zuwa wancan, ba bango, ba sunan maɗaba'a, to a mayar masa, a ce ya nemo bugun gaske. Haka nan littafin takarda da aka buga ta bayan fage yana da alamomi: hoton bango ya dushe, rubutun ya yi kauri kamar na fotokofi, baƙin layi ya fito a tsakiyar shafi inda ɗinkin asalin littafin yake, farashinsa kuma ya yi arhar da ba ta dace ba. Wanda ya kawo littafi ya turo hoton abubuwa huɗu kafin komai: bangon gaba, shafin suna, bayan shafin suna, da shafin ƙarshe.

Bayan shafin suna ne ya fi kowane shafi amfani, don haka a karanta shi layi bayan layi. A nan ake samun alamar ©, da shekara, da sunan wanda ya riƙe haƙƙin, wanda wani lokaci marubucin ne, wani lokaci kamfanin ɗab'i. A nan ake ganin ko bugu na farko ne ko na biyar, da ko an yi gyara da ƙari. A littattafan Faransanci za a ga «Tous droits réservés», wato an kare dukkan haƙƙi, da «Dépôt légal», wato an ajiye kwafi a wajen hukuma, ranar kammala bugu kuma sau da yawa tana can shafin ƙarshe. Lambar ISBN, wadda ta koma lambobi 13 tun 2007, tana taimakawa wajen gane kamfani da bugu, amma ba ita ce shaidar mallaka ba. Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne a ɗauka cewa littafin da ba shi da alamar © ba shi da mai shi. Yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda Nijar da Nijeriya da Faransa duk suke cikinta, ta tanadi cewa haƙƙi yana tabbata da zarar an ƙirƙiri aiki, ba sai an yi rajista ko an sa wata alama ba. Saboda haka ƙasidar da malamin makaranta ya buga da kuɗinsa, da kundin digirin ɗalibi a Jami'ar André Salifou, da labarin da aka rubuta a waya ba a taɓa kai shi maɗaba'a ba, duk suna da masu su. Littattafan makaranta da INDRAP, cibiyar gwamnati mai tsara littattafan koyarwa, ta fitar su ma ba su zama na kowa ba don kawai hukuma ce ta buga su. A rubuta mata a nemi izini.

Daga nan sai lissafin wa'adi, kuma a nan ya kamata a fi natsuwa. Ba daga shekarar bugu ake ƙirgawa ba, daga shekarar rasuwar marubuci ake ƙirgawa, kuma ana barin shekarar ƙarshe ta cika har 31 ga Disamba. Idan mutum biyu ne suka rubuta littafin tare, ana ƙirgawa daga wanda ya rasu a ƙarshe. Yarjejeniyar Bern ta sa shekara 50 a matsayin mafi ƙaranci, amma ta bar kowace ƙasa ta ƙara, Nijeriya da Faransa kuwa duk shekara 70 suke bi. Da yake yawancin littattafan Hausa da ke hannunmu daga Kano da Zariya suke shigowa, na Faransanci kuma da yawansu daga Faransa, sannan abin da aka ɗora a intanet ba ya tsayawa a iyakar Magarya ko ta Matamaye, shawarata ita ce ɗakin karatu ya ɗauki shekara 70 a matsayin ma'auninsa na aiki, kada ya kira littafi mallakar kowa sai ya tsallake ta.

Misali zai nuna dalilin wannan tsantseni. Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, ya rasu a 1966. A ƙasar da take bin shekara 50, wa'adin ya ƙare a ƙarshen 2016. A Nijeriya, inda aka buga littafin kuma inda magadansa suke, sai ƙarshen 2036. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka Magana Jari Ce, duk da cewa tun shekarun 1930 ya fito kuma kakanninmu sun karanta shi, yana cikin kariya ta kowane lissafi: 2031 idan 50 aka bi, 2051 idan 70. Haka abin yake ga marubutanmu na gida. Boubou Hama ya rasu a 1982, Abdoulaye Mamani a 1993, André Salifou a 2022, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ayyukansa suka fita daga kariya. Tsufan takarda da yagewar bango ba su nuna komai game da wa'adi.

A yi hattara kuma da rumbunan littattafai na Amurka irin su Project Gutenberg da LibriVox. Suna bin dokar ƙasarsu ne, wadda take ƙirga shekara 95 daga ranar bugu ga tsofaffin littattafai. Littafin da aka buga a 1925, marubucinsa kuma ya rayu har 1975, ya kuɓuta a Amurka, alhali a Faransa yana da sauran tafiya har ƙarshen 2045. Ganin littafi a irin waɗannan wurare bai ɗauke wa mai tantancewa nauyin neman shekarar rasuwar marubucin ba.

Abin da ya fi yawan kayar da mutane shi ne cewa littafi ɗaya yana iya samun masu haƙƙi da yawa, kamar gidan gado da kowane ɗaki yake da mai shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, Nana Asma'u a 1864, kuma rubuce-rubucensu na asali mallakar kowa ne. Amma wanda ya fassara su daga Larabci ko Fulatanci, ko ya juya su daga ajami zuwa boko ya yi musu gabatarwa da sharhi, yana da haƙƙi a kan nasa aikin, kuma wa'adinsa daga rasuwarsa ake ƙirgawa. Matanin Risala da Ahalari da Ishmawi da ake karantawa a zaurukan Birni da Zango ba wanda zai ce nasa ne, amma fassarar Hausa da wani malami na wannan zamani ya yi tasa ce. Alƙur'ani mai girma ba mallakar kowa ba ne daga cikin bayi, amma tarjamar ma'anoninsa aikin mutum ne; Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, alal misali, ya rasu ne a 1992. Zane-zane da hotunan da ke cikin littafi su ma suna da nasu mai shi. Saboda haka a rajista kada a rubuta sunan marubuci kaɗai. A jera mai fassara, da mai sharhi, da mai zane, kowa da shekarar rasuwarsa idan ya rasu. Tatsuniyoyi da kirari da waƙoƙin gargajiya suna da nasu matsayi: wanda ya tattara su ya tsara yana da haƙƙi a kan tarinsa, dokar Nijar ta 23 ga Disamba 2010 kuma, mai lamba 2010-95, tun daga sunanta ta haɗa haƙƙin mawallafa da al'adun gargajiya da aka gada, don haka kafin a ɗora irin wannan tari a tuntuɓi ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, da ke Yamai.

Wasu ƴan sa kai sukan ce ilimi ba a mallakarsa, hana shi kuma zunubi ne. Maganar tana fitowa daga zuciya mai kyau, kuma ta cancanci amsa ta mutunci. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a take karewa, bai halatta a keta su ba. Littafin da aka rubuta a kansa cewa waƙafi ne, ba na sayarwa ba, a karanta lafazin da kyau: idan ya ce an yarda kowa ya sake bugawa muddin bai canza komai ba, wannan izini ne, a ɗauki hotonsa a ajiye, idan kuwa hana sayarwa kawai ya yi, to bai yi maganar kwafa ba, sai a tambaya.

Hanyar izini ita ce ta fi yi mana amfani a littattafan Hausa na zamani, kuma ta fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Yawancin marubutan littattafan da ake kawowa daga Kano su suke buga abinsu da kuɗinsu, haƙƙin yana hannunsu, lambar wayarsu kuma sau da yawa tana nan a bayan shafin suna, kusa da sadaukarwa da godiya. A kira a lokacin da ya dace, a yi sallama a gaisa, sannan a faɗi buƙata a fili: «Hajiya, daga Damagaram nake kira, muna karanta littattafai a murya domin makafi, kyauta, ba a sayarwa. Muna neman izininki mu karanta littafinki kaza, kuma ba wanda zai same shi sai makahon da muka yi wa rajista.» Idan ta amsa da «Allah ya ba da lada, ku yi», a yi godiya, amma kada a tsaya nan. A ce mata za a turo ƴar takarda ta duba ta sa hannu ta mayar da hotonta. Idan hakan ya gagara, a roƙe ta ta yi saƙon murya da za ta ambaci sunanta, da sunan littafin, da abin da ta yarda da shi, a ajiye saƙon a wuri biyu. A kuma tambaye ta kai tsaye ko ta riga ta sayar wa wani da haƙƙin karanta littafin a murya, domin yanzu akwai masu tashoshin YouTube da suke sayen wannan haƙƙi, kuma ba za ta iya ba mu abin da ya riga ya fita daga hannunta ba. Marubutan da suke sakin labari kashi-kashi a WhatsApp ga wanda ya biya su ne suka fi kowa cutuwa idan fayil ya ɓalle, saboda da shi suke ci. Idan irin wannan marubuciya ta ce a dakata sai ta gama sayarwa, a dakata.

Takardar izinin ba sai ta yi tsawo ba, amma ta ƙunshi sunan littafi da bugunsa, da sigogin da za a mayar da shi, wato murya ko rubutun makafi ko fayil na kwamfuta, da waɗanda za a bai wa, da cewa kyauta ne, da ko an yarda a aika wa makafi na wasu ƙasashe, da yadda mai haƙƙin zai janye izininsa idan ya so. Idan alamar © tana ɗauke da sunan kamfani, wajen kamfanin za a nufa, ko da marubucin ya ce ya yarda. Idan marubucin ya rasu, haƙƙin ya koma gado, kuma yardar ɗa guda ba ta wadatar ba. A nemi wanda magada suka wakilta, ya rubuta cewa da yawunsu yake magana. Akwai kuma izinin da aka riga aka bayar tun kafin a tambaya, wato lasisin Creative Commons, wanda littattafan yara na African Storybook da StoryWeaver suke ɗauke da shi, cikinsu har da na Hausa. A duba haruffan da ke jikinsa: BY na nufin a ambaci mai shi, NC kada a yi kasuwanci da shi, ND kada a sauya shi a rarraba, wanda ya haɗa da fassara.

Hanya ta uku ita ce sassaucin doka. A ranar 27 ga Yuni 2013 aka amince da Yarjejeniyar Marakash a Maroko, ƙarƙashin OMPI, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, ta kuma fara aiki a 30 ga Satumba 2016. Ta buɗe hanyar a mayar da littafi zuwa sigar da makaho zai iya amfani da ita ba tare da neman izinin mai haƙƙi ba, kuma ba makafi kaɗai ta shafa ba, har da masu raunin gani, da masu lalurar da take hana su karatu, da wanda ba ya iya riƙe littafi ko buɗe shafi. Sharuɗɗanta ba su da wuyar fahimta: a sami littafin ta halaltacciyar hanya, kada a canza komai sai abin da sabuwar sigar ta tilasta, kada a bai wa kowa sai waɗanda aka yi abin dominsu, kuma kada a nemi riba. Sai dai yarjejeniya irin wannan tana aiki ne ta cikin dokar kowace ƙasa, kuma ta bar wa ƙasashe zaɓi a wasu abubuwa, kamar biyan marubuci wani abu, ko keɓe littafin da ake iya saye a sigar makafi a kasuwa. Nijeriya ta amince da ita a 2017 ta kuma shigar da sassaucin cikin dokarta ta 2022. Mu a nan, dokar ƙasa da yarjejeniyar Bangi ta OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, wadda Nijar take cikin mambobinta 17, su ne madogara. Don haka kafin a shigar da littafi ko ɗaya ta wannan hanya, ɗakin karatu ya rubuta wa BNDA, ya bayyana aikinsa, ya nemi amsa a rubuce kan abin da aka halatta masa. Yarjejeniyar Marakash tana magana ne a kan cibiyar da hukuma ta sani ta kuma amince da ita, saboda haka abokai goma masu wayoyi ba su kai wannan matsayi ba sai sun yi rajista, ko sun shiga ƙarƙashin inuwar ƙungiya irin ta makafin Nijar, UNAN, ko wata makaranta da aka sani. Wannan matsayi ne kuma yake buɗe ƙofar musayar littattafai da cibiyoyin waje ta shirin ABC da OMPI ta kafa a 2014, wanda zai iya rage mana wahalar sake karanta littafin Faransanci da wasu suka riga suka karanta. Sassaucin bai ba da damar taƙaita littafi ko fassara shi zuwa Hausa ba. Wannan sabon aiki ne da yake buƙatar izininsa daban.

Da zarar an yanke hukunci, sai a rubuta shi a rajista, ta takarda da ta kwamfuta: ranar da littafi ya zo, inda aka samo shi, masu haƙƙinsa, hanyar da ya shigo, inda aka ajiye hujja, da sunan mai tantancewa. Yana da kyau mutum na biyu ya sake dubawa, musamman idan an ce littafin mallakar kowa ne, domin shi kaɗai ne za a saki ga jama'a ba shamaki. Sauran kuwa sai da lambar sirri, ga wanda ya kawo takardar likita ko shaidar ƙungiyarsa. A farkon kowane sauti mai karatu ya ambaci sunan littafi da marubuci da kamfani, ya kuma faɗi cewa an yi shi domin makafi kaɗai, ba a yarda a tura wa wani ba. Wurin da fayil ya fi ɓallewa a garinmu shi ne rumfar masu cajin waya da tura waƙoƙi: makaho ya ba yaro katin memori ya kai a zuba masa wa'azi, mai rumfa ya ga littafi ya kwafe, washegari yana sayar da shi ga duk wanda ya zo. A faɗa wa kowane mai rajista wannan tun ranar farko, idan da hali kuma a ba shi kati na daban domin littattafai kawai. Marubucin da ya kawo ƙorafi, a sauke littafinsa nan take, sannan a zauna a yi magana.

Za a sami littattafan da aka nemi mai su aka rasa: lambar waya ta daina shiga, maɗaba'ar ta rufe, sunan da ke bango kuma laƙabi ne. A rubuta duk inda aka nema da ranar da aka nema, a tambayi masu sayar da littattafai da ƙungiyoyin marubuta, domin sukan san juna. Rashin samun mai shi bai mayar da littafi na kowa ba, don haka ko ya shiga ta hanyar sassaucin doka idan ɗakin karatu ya sami wannan matsayi, ko ya zauna a jerin masu jira. Wannan jeri a riƙa buɗe shi a farkon kowane Janairu, saboda a ranar 1 ga watan ne wa'adodi suke faɗuwa. Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, don haka bisa ma'aunin shekara 70 baitocinsa za su kuɓuta a ranar 1 ga Janairu 2029, amma gabatarwa da sharhin da masana suka yi musu a bugun da ke hannunmu za su ci gaba da zama na masu su, mai karatu kuma zai tsallake su sai an sami izini.